Bege a Matsayin Ibada: Nazari a Kan Tafarkin Bakti na Mabiya Addinin Hindu

1.0 GABATARWA

A cikin tafarkan ibada da mabiya addinin Hindu na ƙasar Indiya suka gada, babu wanda ya ratsa zukatan talakawa, ya kuma bar wa harsunan ƙasar gadon waƙoƙi masu yawa, kamar wanda suke kira bakti. Kalmar ta Sanskirit ce, watau harshen da aka tsara tsofaffin littattafan addininsu da shi, kuma saiwarta tana ɗauke da ma'anar rabawa da yin tarayya a cikin abu. Daga nan ne ma'anar ta faɗaɗa har ta zama miƙa zuciya ɗungurungum ga abin bauta saboda ƙauna.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana al'amari guda da yakan ɗaure wa baƙon wannan fage kai, watau yadda mawaƙan bakti da malamansu da dama suka fifita zafin rabuwa da abin ƙauna a kan daɗin saduwa da shi. Wannan zafi shi suke kira biraha. Za mu duba inda ra'ayin ya tsiro, da hujjar da malamai suka kafa masa, da dalilin da ya sa ya zama sanadin bunƙasar adabi a harsunan gida na Indiya. Bayanin abin da mutanen suka yi imani da shi muka nufa, ba yanke hukunci a kan aƙida ba. An rubuta sunaye yadda za su zo wa mai karatun Hausa da sauƙin furuci.

2.0 BAKTI A CIKIN BAGAWAD GITA

Littafin da ya fara ba bakti matsayi bayyananne shi ne Bagawad Gita, wani yanki mai babi 18 da baiti 700 daga cikin doguwar waƙar nan ta Mahabarata. Galibin manazarta suna ganin an tsara shi tsakanin ƙarni na 2 kafin Miladiyya da ƙarni na 2 bayanta. A cikinsa Kirishna, wanda mabiya suka ɗauka bayyanar abin bautarsu Bishnu ce a siffar ɗan Adam, yana yi wa jarumi Arjuna nasiha a bakin daga. Ya nuna masa hanyoyi uku na kuɓuta daga zagayen mutuwa da sake haihuwa, wanda a aƙidarsu rai ba ya gushewa yana yi: hanyar aiki ba tare da kwaɗayin sakamako ba, da hanyar sani, da hanyar bakti. Babi na 12 a kan ta ukun ya tsaya kacokan. Har ila yau littafin ya buɗe ƙofa ga mata da masu ƙaramin matsayi, waɗanda tsarin hadayun malaman Barahman bai ba su wuri sosai ba, ya nuna ko ganye ko ruwa mutum ya miƙa da zuciya ɗaya za a karɓa.

Sai dai baktin da ke cikin Gita natsattse ne. Abin da ake nema ga mai ibada shi ne ya tattara hankalinsa wuri guda, ya danne son zuciya, har daɗi da wuya su zama ɗaya a gare shi. Babu kuka a cikinsa, babu suma. Wani manazarci Bajamushe mai suna Friedhelm Hardy, a littafin da ya wallafa a 1983 a kan tarihin bautar Kirishna a kudancin Indiya, ya bambanta wannan baktin hankali da wani baktin na daban mai motsa zuciya da jiki, ya kuma nuna cewa a ƙasar Tamil na biyun ya fara bayyana sosai.

3.0 GUDUMMAWAR ƘASAR TAMIL

Tun ƙarnonin farko na Miladiyya Tamilawa, mazauna kudu maso gabashin Indiya, suna da waƙoƙin soyayya masu tsattsauran tsari. Sun kasa ƙasarsu yanki biyar, suka ba kowane yanki halin da ya dace da shi a cikin sha'anin masoya. Duwatsu su ne wurin saduwa a ɓoye, dajin makiyaya wurin jiran dawowar miji, ƙasar noma wurin fushi da saɓani, bakin teku wurin zulumi da kukan dare, busasshen jeji kuwa wurin tafiya da rabuwa. Da zarar mawaƙi ya ambaci wani fure ko tsuntsu na ɗayan yankunan, mai saurare ya san halin da ake ciki. Abin lura shi ne, huɗu daga cikin biyar ɗin rashin masoyi ko nisantarsa suka ƙunsa. Waƙar soyayyar Tamil, ke nan, tun asali ta fi zama waƙar wadda aka bari a gida.

Daga wajen ƙarni na 6 zuwa na 9 wasu mawaƙa masu yawon ziyartar ɗakunan ibada suka ɗauki wannan tsari suka juya shi ga abin bauta. Masu bautar Shiba daga cikinsu su ne Nayanar, su 63, masu bautar Bishnu kuwa su ne Alwar, su 12. Ma'anar kalmar Alwar ita ce wanda ya nutse. A wajen ƙarni na 10 wani malami mai suna Natamuni ya tattara waƙoƙinsu a kundi mai baiti kimanin 4,000. Mafi girma a cikinsu shi ne Nammalwar, wanda babbar waƙarsa ke da baiti 1,102, kuma mabiya suka ɗaga darajarta har suna kiranta Bedar Tamil, watau suka jera ta da Beda, littattafan Sanskirit mafi tsarki a wurinsu.

Dabarar Nammalwar ita ce yakan ari bakin budurwa. A wasu baitocin yarinyar ce ke magana, tana aiken tsuntsaye su kai kukanta ga wanda ya tafi ya bar ta. A wasu kuwa uwarta ce ke kokawa a kan 'yarta ta daina ci ta daina barci, ko kuma ƙawarta ce ke hana a kira masu tsafi domin ta san ainihin ciwon. Masu sharhi sun fassara yarinyar da ran ɗan Adam, masoyin da ya yi nisa kuma da Bishnu. Mace ɗaya tak da ke cikin Alwar, watau Andal, ba ta bukaci aron baki ba. Ta bar waƙa biyu, ɗaya mai baiti 30, wadda ake rerawa da asuba a watan sanyi na Margali, daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, ɗaya kuma mai baiti 143, inda take aiken gajimare, take mafarkin ɗaurin aurenta da abin bautarta, take kuma yi masa ƙorafi mai zafi a kan ya ƙi zuwa.

4.0 LABARIN MATAN MAKIYAYA

Wannan sabon yanayi ya shiga Sanskirit ta hanyar littafin Bagawata Purana, wanda manazarta da yawa ke ganin an tsara shi a kudancin Indiya a wajen ƙarni na 9 ko na 10. Kashi 12 gare shi, kuma na 10 ne ya kawo ƙuruciyar Kirishna a tsakanin makiyayan shanu na Birindaban, a bakin kogin Yamuna. Labari biyu daga ciki su ne ginshiƙin duk abin da aka gina daga baya.

Na farko, a wani dare mai farin wata Kirishna ya busa sarewa, matan makiyaya suka bar girki da tatsa da mazajensu suka nufi daji. Da suka same shi sai alfahari ya shige su, kowace tana ganin babu kamarta, nan take ya ɓace musu. Suka shiga yawo suna tambayar itatuwa, har suka koma kwaikwayon ayyukansa don tsananin tuna shi. Da ya dawo ya ba su dalili da misalin matalaucin da ya sami dukiya sa'an nan ta salwanta, wanda ba ya sake tunanin kome sai ita. Ɓuyan nasa, ke nan, hanya ce ta cika zukatansu da shi.

Na biyu, Kirishna ya tashi zuwa birnin Matura, bai kuma sake komawa ya zauna a Birindaban ba. Sai ya aiki amininsa Uddaba, mutum mai ilmi, ya lallashe su da cewa wanda suke kuka dominsa yana ko'ina, yana cikin zukatansu, saboda haka babu wata rabuwa. Ɗaya daga cikin matan ta dubi wani baƙin ƙudan zuma da ke shawagi a wurin, ta mai da shi tamkar ɗan aiken, ta zazzage masa habaici a kan mai shan fure ya wuce. A ƙarshe malamin ne ya koma ɗalibi, har ya yi fatan ya zama ciyawa a wannan daji don ƙurar ƙafafunsu ta taɓa shi. Saƙon a fili yake: sanin cewa abin bauta yana ko'ina bai kai darajar raɗaɗin rashin ganinsa ba.

Littafin bai ambaci sunan Rada ba. Mawaƙi Jayadeba ne, a ƙarni na 12, ya sa ta zama tauraruwa a waƙarsa ta Gita Gobinda mai babi 12 da waƙoƙi 24, inda ya nuna shi kansa Kirishna yana ramewa don rashinta. Daga nan begen ya zama na ɓangare biyu.

5.0 HUJJAR MALAMAI

Tilas ne irin wannan ibada ta nemi gindin zama a ilmin aƙida, domin Shankara, babban malamin wajen ƙarni na 8, ya koyar da cewa a haƙiƙa rai da asalin samuwa abu ɗaya ne, ganin bambanci kuwa ruɗi ne da jahilci ya haifar. In haka ne, wa ke begen wa? Ramanuja, wanda ya yi zamani a ƙarni na 11 zuwa na 12 a Sirirangam, kuma magajin al'adar Alwar, ya amsa da cewa rayuka da duniya tabbatattu ne, matsayinsu ga abin bauta kamar matsayin jiki ne ga rai: ba su rabuwa da shi, ba su kuma zama shi. Da wannan ya bar tazarar da ƙauna ke bukata, domin so sai da biyu.

Bayansa mabiyansa sun rabu gida biyu a kan rabon bawa a cikin tsirarsa. Ɓangaren arewa suka yi misali da ɗan biri, wanda uwarsa ke ɗauke da shi amma sai ya riƙe ta da kansa. Ɓangaren kudu suka yi misali da ɗan kyanwa, wanda uwa ke ɗauka da baki ba tare da ya yi kome ba. Duk su biyun sun yarda miƙa wuya shi ne ƙofa.

Wanda ya tsara ilmin bege filla-filla shi ne Rupa Goswami, almajirin Caitanya. Shi Caitanya an haife shi a 1486 a Nabadwip ta ƙasar Bengal, ya yaɗa rera sunayen Kirishna cikin taro a kan tituna da kiɗa da rawa, ya kuma ƙare rayuwarsa a garin Puri cikin halin kuka da suma irin na Rada. Rupa ya ɗauko tsohon ilmin wasan kwaikwayon Sanskirit, wanda ke bayanin rasa, watau ɗanɗanon da wasa ko waƙa ke bari a zuciya, ya ɗora ibada a kansa a littafin da ya kammala a 1541. Ya kasa dangantakar bawa da abin bauta gida biyar, kowace tana ɗauke da abin da ke cikin ta bayanta da ƙari: natsuwar mai tunani, da biyayyar bara, da sakin jikin aboki, da tausayin uwa ga ɗanta, da shauƙin masoyiya. Ita ta biyar ɗin fuska biyu gare ta, saduwa da rabuwa. Hujjar da malaman wannan makaranta suka kafa ita ce, saduwa ba ta ƙosawa sai rabuwa ta gabace ta, sa'an nan wanda ke tare da masoyinsa a wuri ɗaya yake ganinsa, wanda ya rasa shi kuwa duk inda ya juya shi yake gani. Tun da maƙasudin ibada shi ne kada a manta ko da ƙiftawar ido, to rabuwa ta fi kai mutum ga maƙasudin.

6.0 BEGE DA HARSHEN GIDA

A nan ne batun ya shafi mai nazarin harshe kai tsaye. Sanskirit harshen makaranta ne, kuma galibi 'ya'yan manyan ɗabaƙoƙi maza ke koyonsa. Wanda ya ari bakin matar makiyayi ko na uwa mai lallashin ɗa, da wuya ya yi kukan da harshen da matan gida ba su ji. Saboda haka duk inda bakti ya sauka sai harshen wurin ya sami adabi, ko wanda yake da shi ya ƙara ƙarfi.

A ƙasar Kannada, a ƙarni na 12, Basabanna da Akka Mahadebi sun yi wa Shiba gajerun zantuka da harshen kasuwa. A ƙasar Marati, Janeshwar ya yi wa Gita sharhi da harshen mutanensa a 1290, sa'an nan Namdeb maɗinki da baranyar gidansu Janabai, da Tukaram a ƙarni na 17, suka cika harshen da waƙoƙin Bittal na garin Pandarpur. Mabiyansu kan taka da ƙafa kusan mako uku a farkon damina daga Alandi da Dehu zuwa wannan gari suna rera waƙoƙin, abin da zai tuna wa Bahaushe cewa garin masoyi ba ya nisa. A arewa kuwa akwai Bidyapati da harshen Maitili, da Surdas, wanda aka ce makaho ne, da harshen Baraj, shi ne kuma ya mai da labarin ƙudan zuman nan doguwar muhawara tsakanin ilmi da ƙauna. Tulsidas ya fara babbar waƙarsa ta Rama da harshen Awadi a 1574. Mirabai, 'yar sarautar Rajput ta ƙarni na 16, ta ɗauki Kirishna a matsayin mijinta na gaskiya, gidan sarautar Mewar da aka kai ta aure suka tsananta mata. Waƙoƙin da rubutunsu ya kai kusa da zamaninta 'yan kaɗan ne, sauran ɗaruruwan mutanen baya ne suka yi ta ƙarawa da sunanta, wanda ke nuna sunan ya zama rumbun da kowace mai irin ciwonta ke zuba nata.

Ko waɗanda suka ƙi bautar siffa ba su bar bege ba. Kabir, masaƙin Banaras na ƙarni na 15 wanda ya tashi a gidan Musulmi, ya soki malaman Hindu da na Musulmi baki ɗaya, amma yakan kwatanta ransa da matar da mijinta ya yi nisan tafiya. Waƙoƙinsa da na Namdeb da na Rabidas baduku da na Shaihu Farid sun shiga littafin mabiya addinin Sik da aka tattara a 1604. Sufayen Indiya ma sun sha daga wannan rijiya. Malik Muhammad Jayasi, a waƙarsa ta Padmawat ta 1540, ya yi amfani da salon nan na bin watanni 12 ɗaya bayan ɗaya da kukan matar da aka bari, inda damina ta fi kowane lokaci ciwo domin a cikinta ne matafiya suka saba komowa gida.

7.0 IYAKAR ABIN

Bai kamata a zaci waƙa ta rushe tsarin ɗabaƙoƙin haihuwa ba. Cokamela, mawaƙin Marati na ƙarni na 14 daga cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, a bakin ƙofar ɗakin ibadar Pandarpur ya yi begensa, a nan kuma makwancinsa yake. Ba a buɗe wa irinsa ƙofar ba sai a 1947, bayan azumin nuna ƙin amincewa da Sane Guruji ya yi. A wurin Cokamela rabuwa ba salon waƙa kaɗai ba ce, hali ne da mutane suka ɗora masa. Haka nan maza sun yi ta aron muryar mace a waƙa alhali matsayin mace a gida bai sauya sosai ba. Ambedkar, jagoran tsara kundin mulkin Indiya, ya yi gargaɗi a jawabinsa na 25 ga Nuwamba, 1949 cewa bakti ko ya zama hanyar tsira a addini, in aka kai shi siyasa hanyar kama-karya ce. Daɗin daɗawa, John Stratton Hawley ya nuna a littafinsa na 2015 cewa ɗaukar duk waɗannan mawaƙa a matsayin yunƙuri guda da ya taso daga kudu ya mamaye arewa labari ne da aka ɗinka daga baya, ya kuma kammala kafuwa a ƙarni na 20.

8.0 KALMAR BEGE DA MAI NAZARIN HAUSA

Mun fassara biraha da bege, kuma akwai dalili. A Hausa bege ya haɗa ƙauna da rashi wuri ɗaya, domin ba a begen abin da ke hannu. Kalmar kuma ta daɗe a waƙoƙin addini, kamar yadda ake gani a waƙoƙin begen Manzon Allah (S.A.W.) tun daga malaman jihadi irin su Nana Asma'u har zuwa Aliyu Namangi. Su ma malaman jihadin sun koma ga Hausa da Fulatanci ne don saƙo ya kai ga mata da talakawa. Amma wajibi ne mai kwatantawa ya kiyaye bambancin. Wanda Bahaushe ke bege bawan Allah ne kuma ManzonSa, ba a bauta masa, nisan kuwa na wuri ne da zamani, shi ya sa zuciyar mawaƙin ke karkata zuwa Madina. Aƙidar bayyanar abin bauta a jikin mutum, wadda labarin Kirishna ya dogara a kanta, tauhidi bai karɓe ta ba, kuma aron muryar matar da miji ya bari bai zama ginshiƙin waƙar begen Hausa ba.

Akwai kuma mahaɗa ta zahiri. Finafinan Indiya, waɗanda suka sami karɓuwa a gidajen sinima na arewacin Nijeriya tun wajen shekarun 1960, cike suke da sarewa da ruwan sama da mace mai jiran wanda ya tafi, kuma da yawan waɗannan alamu daga taskar bakti aka ɗebo su. A Kano masu bandiri, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya da Brian Larkin ya yi rubutu a kanta, sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan suka ɗora masa yabon Annabi. Mai nazarin wannan waƙa ko finafinan Hausa zai fi gane abin da aka ara da abin da aka zubar in ya san asalin kayan.

9.0 KAMMALAWA

Mun ga yadda bakti ya tashi daga natsuwar da Gita ta koyar, ya ɗauki tsarin waƙar soyayyar Tamil, ya sami labari a Bagawata Purana da hujja a wurin Ramanuja da Rupa Goswami, sa'an nan ya bazu a harsunan gida ta bakin masaƙa da maɗinka da dukawa da mata. Abin da ya ɗaure waɗannan duka shi ne ɗaukar rashin ganin abin ƙauna a matsayin mafi ƙarfin hanyar tuna shi. Aikin da ya rage wa ɗalibanmu shi ne su tattara kalmomin da mawaƙan Hausa ke amfani da su a wannan fage, irin su bege da shauƙi da ƙauna da kewa, su tantance iyakar kowace, domin sai da wannan ne kwatanta adabinmu da na wasu al'ummu zai tsaya a kan ƙafafunsa.